Dillaliyar Adda a Edmonton

Jirgi ya sauke mu a Toronto da rana tsaka, amma hasken garin kamar na bayan la'asar. Ni mutumin tike ne, kasuwar shanun Mubi. Daga kora na fara har na kai ga loda tirelata zuwa Kudu, kuma ban taɓa tsayawa a inda ban san farashin komai ba sai ranar. Akwai jirgi na biyu da zan shiga zuwa Edmonton, garin da 'yata take. Ina tsaye da takarda a hannu, wani baƙin mutum ya matso ya karɓi jakata, ya nuna min cewa ginin da zan je yana da nisa, sai da mota. Ya ɗan zaga da ni, ya karɓi abin da zai sayi ɗan akuya a Sorau. Da na shiga ginin na ga ƙaramin jirgin ƙasa yana kawo mutane kyauta daga inda na baro. Tun muna cikin motar na san cuta ce, don na ga yadda yake kauce wa idona. Na nemi haushi a cikina ban samu ba. Na zauna na jira jirgina.

Mijin 'yata, Hamidu, faɗuwa ya yi a wurin aiki, aka ce zuciya. Kafin bizata ta fito har 'yar tawa ta gama takaba. Uwarta, Hajiya, magana ɗaya ta yi min: kada ka dawo kai kaɗai.

Yarinyar ita ce 'yar farinmu. Ban taɓa kama sunanta ba. Adda muke ce mata, yadda ƙannenta suke kiranta, kuma kakarta ce ta raine ta a Kolere. In ina da magana da ita, uwarta nake faɗa wa, ko ƙanwata, su kai mata. Haka na tarar ana yi wa ɗan fari, haka na yi. To yanzu ga ni ga ta a ƙasar da babu uwa babu gwaggo.

Ta tarbe ni da rigar sanyi mai nauyin buhu, ta sa min da kanta a bakin ƙofar filin jirgi. Ta rame. Da muka fita, sanyin ya shiga haƙorana kamar an buga ƙusa. Gidan hayarsu a saman wani dogon bene yake, takalman Hamidu suna nan a jere a bakin ƙofa. Jikokina biyu suka leƙo. Na ce wa macen, "Amaryata, ba ki yi min girki ba?" Ta dubi uwarta, sai da aka fassara mata, kafin nan wasan ya huce.

Washegari ta kai ni maƙabarta. Ƙanƙara ta rufe komai. Ta ƙirga layi ta ce nan ne. Na yi addu'a a kan farin fili, hannuwana cikin safa.

A hanyar komowa na ce, ina kallon titi, "Hajiya ta ce damina tana tafe, ya kamata yara su ga gida."

"Baba, gida zan saya," in ji ta.

Mai benen ya ba su sanarwa za a sayar da ɗakin da suke ciki, sai sun tashi kafin bazarar can. Wurin aikin Hamidu sun biya wani abu, an fitar wa iyayensa nasu. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana da albashi. Ta ce in ta bar kuɗin marayu a haya, narkewa za su yi. Na kawo maganar ruwa a bashin banki. Ta ce ta riga ta sami wata ƙungiyar Musulmi da ke saye tare da mutum ba ruwa. Ban ce kada ta saya ba. Na ce to a duba. Duk wanda ya san ciniki ya san ba a kashe shi da "a'a".

Ofishin dillaliyar gidaje da Adda ta samo ɗan ƙarami ne, a bayan wani shagon gyaran haƙori. Madam Rosa sunanta, 'yar Filifin, gajeruwa, tana da tabarau a rataye da zare. Kafin ta nuna mana ko hoton gida, sai ta ajiye takarda. Adda tana karantawa tana mayar min da Hausa.

Takardar ta ce daga yau har wata uku Madam Rosa dillaliyar Adda ce ita kaɗai a wannan ciniki. Ba za ta tsaya wa mai gida ba. Duk abin da Adda ta faɗa mata, na kuɗi ko na matsuwa, ba zai fita ba. Duk abin da ta sani da zai taɓa cinikin, dole ta faɗa wa Adda, mai daɗi ko marar daɗi. Ita kuma Adda ba za ta ɗauki wani dillali ba a cikin wata ukun, in ma ta saya ta bayan fage, la'adar Madam tana nan. La'adar daga kuɗin gidan ake fitarwa, ɓangaren mai sayarwa, in bai cika ba Adda ta cika.

Na ce ta tambaye ta, wane irin dillali ne yake ɗaure mai saye tun bai nuna masa ko jelar sa ba? A tike dillali tsakiya yake tsayawa, ya lallashi wannan ya tsorata wancan, ya ci ta nan ya ci ta can, kowa kuma ya sani. Ni kaina ba na shiga babban ciniki da dillali ɗaya. Uku nake turawa, ba wanda ya san da ɗan'uwansa.

Madam Rosa ta saurara har ƙarshe. Ta ce a nan mai gida ya riga ya ɗauki nasa, ya sa masa hannu. In Adda ta shiga gida ba ta da nata, dillalin mai gida zai yi mata fara'a ta gaske, ya ba ta shayi, amma duk abin da ta faɗa masa na mai gida ne. Ta ce idan wata uku ya yi yawa a mayar biyu, kuma a rubuta cewa Adda tana iya sallamarta in ba ta gamsu ba. Wannan ya ɗan burge ni, don ban zaci takardar Turawa tana karɓar tayi ba. Sannan ta tambaya, "Wane ne mai saye?"

"Ni ce," in ji Adda.

Ta ce to Baba baƙonmu ne, ya zo ko'ina, amma magana daga bakin mai suna a takarda za ta karɓa. Adda ta sa hannu. An bar shi a wata ukun.

Muka fara yawon gidaje. Ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, masu gida kuma ba sa nan, fita suke yi kafin a zo. Ban taɓa ganin kasuwar da mai kaya yake ɓuya ba. Gidajen duk katako ne da aka shafa wa fenti. In na ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar ganga.

Kushe kaya sana'ata ce. Kafin in taya sa, sai na samo masa ɗingishi ko da ba ya yi. Nan ma haka na yi. Wannan rufinsa ya tsufa. Wannan matakalarsa za ta karya yaro. Wannan bayinsa yana kallon gabas. Wani ƙarami mai jan ƙofa, kusa da makarantar yaran, na ce ko turken raguna na sallah ya fi shi fili. Abin da na faɗa akwai gaskiya a ciki, ban ƙirƙiro ko ɗaya ba. Bambancin kawai, a tike ina kushewa ne don in saya. Adda kuwa ba ta musu da ni. Da na yi magana sai ta ce wa Madam, "A bar wannan." Madam ta rubuta a wayarta, ta dube ni ta saman tabarau, mu wuce.

Wata ɗaya ya tafi a haka, na biyu ya kama. Adda tana fita aiki tun duhu, yara suna makaranta, ni ina zaune a tagar bene ina kallon motoci. Ba kiran salla sai na waya. Ba wanda zai yi maka sallama ya ɓata maka lokaci. Hajiya takan kira ta ce, "Yaya ake ciki?" In ce ana kan hanya. Abinci ina ci, barci ina yi, amma da za a tambaye ni ɗanɗanon abin da na ci ba zan iya faɗa ba.

A shagon kayan Afirka na haɗu da Vandi. Ina juya ƙullin kuka ina duba farashi, na ce da kaina, "Wannan ai fashi ne," sai na ji an ce a bayana, "Baba, na Mubi ne ko na Yola?" Mutumin Michika ne, Kirista, tasi yake ja, ya shekara goma sha wani abu a can. Ubansa yana da shagon taya a kusa da tashar Mubi, na san shagon. Ranar bai ƙara ɗaukar fasinja ba. Ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, ya zuba min, ya ce naman daga mahautan Somaliya ya saya, in ci ba shakka. Muka zauna muna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka gina bene a unguwar Nassarawo. Daga ranar, in ya sami sarari yakan zo ya ɗauke ni mu zaga gari, ba ya karɓar ko sisi.

Shi na roƙa ya kai ni wurin Madam Rosa ranar da Adda take aiki, ya yi min tafinta, don Turancina na lodin tirela ne.

A tike, in ba ka son wani ciniki ya faɗa, ba ka rigima da kowa. Dillali za ka ja gefe ka ba shi la'adarsa cif, kamar an yi cinikin, shi kuma ya bar abin ya mutu da kansa. Ba wanda ya yi asara. Na sha yi, an sha yi min. Abin da na kai wa Madam ke nan. Na ce zan biya ta duk abin da za ta samu in an sayi gida, daga aljihuna, ita dai ta ja ƙafa har wata ukun ya cika. In lokacin tashi ya zo ba gida, yarinya za ta bi ni.

Vandi ya tsaya bai fassara ba. "Baba, in faɗa shi haka?"

"Faɗa yadda na faɗa."

Ya faɗa. Madam ta cire tabarau. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba. Ta yi magana a hankali, Vandi yana bi.

"Ya ce, wato matan ya ce, ta gane. Ta ce ita ma babanta ya mutu yana jiran ta koma. Amma ta ce ta sa hannu wa Adda, ba wa kai ba. Kuma wannan magana ya taɓa cinikin Adda, ba za ta iya ɓoye ba. Ta ce ka faɗa mata da kanka yau. In ba haka ba gobe da safe ita za ta kira."

Na ce ya gaya mata zan ninka.

"Baba, bari," in ji Vandi. "Wannan ba dillalin tike ba ne. In an kama, takardan aikinta ne zai tafi. Kuma ko ba a kama ba, ka duba fuskanta."

Na duba. Na san fuskar mai kayan da ba na sayarwa ba ne. Na tashi. Ta raka mu har ƙofa, ta miƙo min safar hannuna da na manta a kan tebur.

A mota Vandi ya ce, "Ka kai cin hanci wa mace mai tabarau da igiya. Ko a Michika ba a yi." Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ban taya shi ba ya kunna rediyo.

Da yamma Adda ta dawo, tana yanka albasa a kicin da kayan aiki a jikinta. Na tsaya a bakin ƙofa. Shekarunta talatin da wani abu, ban taɓa tsayawa na yi mata doguwar magana ba wani a tsakani. Na faɗa mata inda na je da abin da na taya, ban rage ba. Ta ci gaba da yanka har ta gama, ta wanke wuƙar.

"Na sani tun gida na uku, Baba," in ji ta. "Ba wanda yake duba inda bayi ya kalla a gidan da yake so."

Ta ajiye wuƙar, ta ci gaba.

"In ka ce in koma, zan koma. Gobe zan kai takardar barin aiki. Amma ka faɗa da bakinka. Kada ka sa rufin mutane da matakalarsu su faɗa maka."

Ta juyo tana jira. Ni kuwa abin da na saba yi na yi, na auna kayan. Na san abin da ke jiranta a Mubi. Ɗaki a sashen uwarta. Aiki a asibiti in an samu, albashin da ba zai kai ƙarshen wata ba. Kafin shekara masu neman aure, don ba za a bar ta ta zauna ba, ni ma ba zan bari ba. Da ta yi aure kuma, dangin Hamidu za su zo daga Sorau su karɓi yaransu, hakkinsu ne a al'ada, ni da kaina na taɓa raka wani karɓo 'ya'yan ƙaninsa. Yaran da ba su iya ko gaisuwa ba. A ɗaya hannun kuma, ni da Hajiya mu riƙa ganinta. Da wani ne ya kawo min wannan ciniki ya ce in ba shi shawara, ba zan ɓata masa lokaci ba.

Na ce, "A cikin gidajen nan, wanne ne ya kwanta miki?"

Ta ce, "Turken raguna."

Ba a sayar da shi ba tukuna. Washegari Adda ta kira Madam, ta ce daga yanzu a riƙa yin maganar farashi a gabana. Madam ta ce a rubuto mata hakan, Adda ta rubuta. Ba ta taɓa tayar da zancen zuwana ofishinta ba, ko da ido.

Muka koma gidan. Wannan karon na duba shi yadda ake duba abin da za a saya. Ba kaya a ciki sai sawun gado a kan kafet, ga ɗumi ana hura wa ɗakunan da ba kowa. Na ce mai gidan nan ya riga ya tashi, gida biyu yake ciyarwa, kamar Bafulatanin da ya koro shanu daga nesa rana kuma tana faɗuwa. Madam ta ce haka ne, ta nuna a kwamfuta tun yaushe gidan yake kasuwa, har an taɓa rage kuɗin. Ta kawo mai duba gini, ya shiga ƙarƙashi ya hau sama, ya ce injin ɗumama gidan ya kusa mutuwa. Ta sa wannan a takardar tayi. Muka taya ƙasa sosai.

Dillalin mai gida ya dawo da amsa: an rage kaɗan, kuma wai akwai wasu masu so. Adda ta rikice. Saura 'yan makonni su tashi, ta fara ɗaure kwalaye. Ta ce a ƙara kawai a gama.

Madam ta ce ba za ta iya rantsewa babu wasu ba. Ta ce shawara ce tata, hukunci na Adda.

Adda ta dube ni.

Na ce, "Mai masu saye biyu ba ya ragi. Ki ƙara ɗan abin da zai fita kunya da shi, ki yi shiru."

"In aka sayar wa wani fa?"

"To na jawo miki."

Na san abin da take tunani, don ni ma da ni ne ita, haka zan yi tunani. Mutumin da ya je sayen dillaliyarta jiya, yau yana cewa ta yi shiru gida ya wuce. Ba ni da abin da zan ba ta jingina. Ta dubi wayar a hannunta, sannan ta ce wa Madam a yi yadda Baba ya ce.

Kwana biyu ba labari. Ta yi ta goge kicin ɗin da za ta bari. Ni na zauna a tagata. A nan ne na gane ina tsoron a ce an sayar wa wani, ban kuma san lokacin da na koma wannan ɓangaren ba. Rana ta uku Madam ta kira. Sun karɓa.

Ba a tafa hannu ba, ba a ga fuskar mai gida ba, ba wanda ya ce Allah ya sa albarka. A waya aka sa hannu, lauya ya ƙarasa sauran. Ranar karɓar makulli Madam ta kawo tukunyar fure. Vandi ya kawo tasinsa da motar wani abokinsa, muka kwashe kaya. Takalman Hamidu Adda ta sa a kwali ta rubuta sunan ɗansa a kai. Da aka gama, na tsaya a tsakar ɗakin na ce Allah ya sa albarka, Vandi ya ce amin.

Na kwana huɗu a gidan, a ɗakin ƙasa kusa da sabon injin ɗumama gida da aka sa. Sannan bizata ta kusa cika.

Daga Yola na shigo mota, muka iso Mubi da la'asar, an yi ruwan farko, hanyar Nassarawo duk taɓo. Ban faɗa wa Hajiya a waya ba, don ba maganar waya ba ce. Tana tsaye a bakin zaure. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta dubi mai keken da yake sauke jaka ɗaya. Ƙamshin fenti yana fitowa daga ɗakin da ke kusa da nata, an sa sabon labule.

Sai da na yi salla ta kawo ruwa ta zauna.

"Ina suke?"

"Ta sayi gida."

"Kai kuma me ka je yi?"

"Na taya ta ciniki."

Na miƙa mata waya. Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe tana kallon jan ƙofar da yaran a tsaye a gabanta cikin rigunan sanyi.

"Ba katanga," in ji ta.

"Ba katanga. Can ba a yi."

Ta ajiye wayar a kan tabarma, fuskar a ƙasa. Ta tashi ta je ta ja ƙofar sabon ɗakin ta rufe, ta ce tuwo ya kusa.